Lacca a Kan Ƙararrawar Hasumiyar Utrecht



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wata tsohuwar hasumiya da ke tsakiyar birnin Utrecht a ƙasar Holan, da ƙararrawar da ke rataye a cikinta, da mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen gyara muryar wannan ƙararrawa har ta tashi daga ƙarar da ke firgita mutum ta koma amon da mai wucewa zai tsaya a bakin hanya ya saurara. Na sani cikinku akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan Musulmi da ƙararrawar Nasara. Amma duk wanda ya karanci sira ya san mas'alar da ta haifi ƙararrawa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin sa'ad da Sahabbai suka zauna a Madina suna shawarar yadda za a riƙa sanar da jama'a shigar lokacin salla, an kawo maganar hura wuta, an kawo maganar ƙaho irin na Yahudu, an kuma kawo maganar naƙusi irin na Nasara, wanda a wancan zamani katako ne da ake bugawa, kafin Allah ya nuna wa Abdullahi ɗan Zaidu kiran salla a mafarki, aka umurci Bilal ya ɗaga murya da shi. Mu aka zaɓa mana muryar ɗan Adam. Mutanen Turai kuwa suka bi hanyar ƙarfe, mutanen Holan da maƙwabtansu na Beljiyam kuma suka bi ta har inda wata al'umma ba ta kai ba. Don haka abin da za mu duba yau sana'a ce, da hikimar da aka zuba a cikinta.

Ƙasar Holan shimfiɗaɗɗiya ce, tudunta kaɗan ne ƙwarai, wani sashinta ma teku ya fi shi bisa, sai da aka yi masa ganuwa aka tsare ruwa. A irin wannan ƙasa duk abin da aka ɗaga sama ana hango shi daga nesa, duk ƙarar da aka yi a bisansa kuma iska takan ɗauke ta ta kai ƙauyuka. A zamanin da bishop na Utrecht yake riƙe da limanci da sarauta gaba ɗaya, aka aza harsashin hasumiyar babbar majami'arsa, wadda suke kira Dom, a shekarar 1321, ba a kuwa ɗora dutsen ƙarshe ba sai 1382, bayan mafi yawan waɗanda suka haƙa harsashin ƙasa ta rufe idonsu. Tsawonta mita 112, har yau babu hasumiyar majami'a a ƙasar da ta kamo ta, mai son hawa kuma sai ya taka matakala 465 ta wata ƙuntatacciyar hanya mai murɗewa. Hawa uku aka yi ta: biyu na ƙasa masu kusurwa huɗu, na sama kuwa mai kusurwa takwas, kusan duk tagogi ne, iska na ratsa shi ta kowane gefe, abin da ya yi amfani daga baya sa'ad da aka rataya ƙararrawar kiɗa a cikinsa.

Ba kowa ne ya yi murna da ginin ba. Tun ana cikin aiki wani mai wa'azi, Geert Groote, mutumin Deventer, wanda ya juya wa dukiyar gado baya ya kama hanyar zuhudu, ya rubuta risala da Latin yana sukar hasumiyar, yana kafa hujja da cewa dukiyar da ake tarawa da sunan addini haƙƙin matalauta ce, kuma gini irin wannan ba abin da yake haifarwa sai alfahari da riya, baƙi su zo su ɗaga kai su riƙe baki, 'yan gari kuma su yi ta fankama. Wanda ya san abin da malamanmu suka faɗa game da israfi wajen ƙawata masallatai ba zai ji maganarsa baƙuwa ba, ni kuma a ganina hujjarsa ba ta da rauni. Sai dai magina ba su saurare shi ba, ya mutu a 1384, shekara biyu bayan an gama abin da ya yi wa inkari.

Ƙararrawar da ta fara yi wa hasumiyar suna ta zo ne a 1505, lokacin da aka ɗauko Geert van Wou daga garin Kampen, gwanin da ma'abota wannan sana'a suka yi ittifaƙi a kan cewa babu kamarsa a zamaninsa, shi ne kuma ya zuba shahararriyar ƙararrawar Erfurt a Jamus a 1497. Ya zuba wa Utrecht ƙararrawa 13, kowace da sunanta, muryoyinsu na bin juna daki-daki daga mai kauri zuwa siririya. Babbarsu ita ce Salvator, nauyinta kilo 8,200, faɗin bakinta santimita 227, watau dogon mutum zai kwanta a ƙarƙashinta ya miƙe ƙafa bai taɓa gefe ba.

Ya kamata in ɗan tsaya a kan yadda ake zuba irin wannan, domin a nan ne tushen wahalar da za mu zo kanta yake. Wanda ya taɓa zama a gaban maƙeran fari yana kallon yadda suke siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin su zuba tagulla a gurbinsa, ya riga ya fahimci rabin aikin, sai dai a nan abin ya girma har ya zama gini. Ana haƙa rami, a gina cibiya da tubali, a shafe ta da yumɓun da aka kwaɓa da kashin doki da gashi, a daidaita ta da wani allon katako da aka yanka bisa siffar cikin ƙararrawar, yana kewaya ta a kan sanda yana share abin da ya yi tudu. A kan cibiyar sai a gina ƙararrawar ƙarya, ita ma ta yumɓu, kaurinta daidai da kaurin da ake so tagullar ta yi, a manna mata rubutu da ado na kaki, kana a rufe ta da riga mai kauri. In wuta ta busar da su duka, sai a ɗaga rigar, a farfasa ƙararrawar ƙarya a kwashe, a mai da rigar mazauninta, a cika ramin da ƙasa a daɓe. Sararin da ya rage tsakanin cibiya da riga shi ne ƙararrawar. Sa'an nan a buɗe bakin tanderu, narkakken ƙarfe, kusan kashi huɗu jan ƙarfe kashi ɗaya kuza, ya gangaro ta kwata ya cika gurbin cikin ɗan lokaci kaɗan, aikin makonni ya rataya a kan wannan 'yar gangarowa. A jira kwanaki ya huce, a tone, a fasa yumɓun, a buga. Sai a wannan sa'a maƙerin zai ji muryar abin da ya yi. In ta yi kyau ya gode, in ta yi muni babu magani sai a fasa a sake narkarwa.

Ƙararrawar Van Wou ta lilo ce: ana jan igiya daga ƙasa, ita kanta ta yi lilo, harshen ƙarfen da ke cikinta ya doke ta. Da irinta ake kiran ibada, ake sanar da mutuwa, ake tayar da gari in gobara ta tashi. Amma tun ƙarni na 14 garuruwan wannan yanki, waɗanda arzikinsu ya dogara ga saƙa da fatauci, sun fara ɗora agogo a kan hasumiyoyinsu, domin mai masaƙa yana so a san sa'ar kama aiki da sa'ar tashi, mai tsaron ƙofar gari kuma yana so a san sa'ar rufewa. Sai wata 'yar matsala ta taso, mai ban dariya, amma ita ce uwar duk abin da ya biyo baya. Agogo yakan faɗi sa'a ne da ƙidayar bugu, mutum kuwa yana cikin aikinsa sai ya farga an riga an buga biyu ko uku, bai san tara aka buga ko goma ba. Maganin da suka samo shi ne a rataya ƙananan ƙararrawa uku ko huɗu su fara kaɗawa, a matsayin gyaran murya, don kowa ya kasa kunne kafin babbar ta soma ƙidaya. Garuruwa kuwa akwai kishi. In wannan ya rataya huɗu, maƙwabcinsa sai ya rataya takwas, har gyaran muryar ya zama waƙa sukutum. A 1510, a garin Oudenaarde da ke Beljiyam ta yau, littattafan gari sun ambaci ƙararrawar da mutum yake zaunawa ya kaɗa ta hanyar danna sanduna, daga nan ne kuma aka sami abin da ake kira kariyon, wanda ƙa'idar masanansa a yau ita ce kada ƙararrawarsa ta gaza 23.

Wannan zama agogon gari da ƙararrawa ta yi shi ne ya cece ta a lokacin fitinar addini. A 1580 birnin Utrecht ya hana ibadar Katolika a fili, majami'ar Dom ta koma hannun mabiya tafarkin Calvin, waɗanda malamansu ke ƙyamar gumaka da kayan kiɗa a wurin ibada. An farfasa fuskokin gumakan da ke cikin majami'ar, har yau ana ganin tabon, amma ƙararrawa ta ci gaba da aikinta, domin mai sayar da kifi da mai jirgin ruwa ba su da wani agogo sai ita.

Sai dai kariyon na farko-farko ba shi da daɗin ji, illar kuwa tana cikin ɗabi'ar ƙararrawa kanta, kuma ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a nan, domin wannan ce zuciyar laccar. Mutum yakan zaci in an bugi ƙararrawa amo ɗaya take fitarwa, alhali amo ne masu yawa suke fita tare, kowane sashe na jikinta yana karkarwa da nasa sauri, biyar daga cikinsu kuma su ne ginshiƙai. Akwai gunji mai zurfi, wanda yake daɗewa yana shawagi bayan sauran sun mutu. Akwai amon asali a bisansa. Sai wasu biyu a tsakiya. Sai na biyar a sama, wanda shi ne yake nuna wa kunne matsayin ƙararrawar. Mizanin da ake nema a tsakaninsu shi ne, in gunjin yana karkarwa sau 100 a wani ɗan lokaci, na biyu ya yi 200, na uku 240, na huɗu 300, na biyar 400. Na ukun nan shi ne yake sa wa muryar ƙararrawa wani ɗanɗanon baƙin ciki, ko da waƙar murna ake kaɗawa. To in waɗannan biyar ba su zauna a kan mizani ba, ƙararrawar tana faɗa da kanta ke nan. In ita kaɗai ake bugawa kunne yakan yi mata uzuri, amma in an jera ashirin, kowace tana faɗa da kanta tana kuma faɗa da 'yar'uwarta, aka ce a fitar da waƙa daga cikinsu, abin da zai fito hayaniya ce kawai. Gwani irin Van Wou yakan kusanci mizanin da ƙwarewar hannu da abin da ya gada na siffa da kauri, amma ba kowa ne Van Wou ba, kuma ƙananan ƙararrawa sun fi manya gardama.

Mutumin da ya warware wannan ƙulli makaho ne. Sunansa Jacob van Eyck, an haife shi wajen 1590 a gidan masu daraja, bai taɓa ganin hasken duniya ba, ya fara kaɗa kariyon a ƙaramin garin Heusden, a 1625 aka ɗauke shi makaɗin hasumiyar Dom, daga baya kuma aka ɗora masa kula da ƙararrawar birnin baki ɗaya. Ku dubi hikimar Ubangiji, yadda yake rufe ƙofa ɗaya ya buɗe wata: abin da masu ido suke ji a dunƙule, shi yana jin sa a rarrabe. Yakan tsaya kusa da ƙararrawa ya yi fito a daidai ɗaya daga cikin amon nan, sai ƙararrawar ta amsa masa da wannan amo shi kaɗai, ba tare da ya taɓa ta ba, ya sauya fiton ta amsa da wani. Labarin ya kai kunnen malaman falsafa na zamanin: Isaac Beeckman ya rubuta abin da ya ji daga gare shi a littafin ajiyarsa a 1633, René Descartes kuma ya ba abokinsa Mersenne labarin makahon Utrecht a wata wasiƙa a 1638. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne Van Eyck ya gano cewa kowane amo yana da mazauni a jikin ƙararrawar, wani kusa da baki, wani a ƙugu, wani a kafaɗa, kuma kaurin ƙarfen a wannan wuri shi ne yake hukunta shi. Da wannan ya fitar da al'amarin daga babin sa'a ya shigar da shi babin ilmi.

Bari in ɗan ratse, domin mutumin ya cancanci a san shi. Ban da ƙararrawa, gwanin busa sarewa ne, an buga kiɗe-kiɗensa fiye da 140 a Amsterdam cikin shekarun 1640 a littafin da ya sa wa suna Der Fluyten Lust-hof, wanda masu koyon sarewa a Turai suke karantawa har gobe. A 1649 hukumar majami'ar Janskerk ta ƙara masa albashi daga gilda 80 zuwa 100, bisa sharaɗin ya riƙa fitowa da maraice wani lokaci yana busa wa masu shan iska a farfajiyar majami'ar. Garin da zai sa irin wannan sharaɗi a takardar albashi, lalle ya ɗauki jin daɗin kunnen talakansa a matsayin haƙƙi.

Amma kunne ba ya zuba tagulla. Ilmin makahon da ya tsaya a fito da ba da mamaki, in ba don Allah ya haɗa shi da wasu 'yan'uwa biyu maƙera ba, François da Pieter Hemony, mutanen Lorraine a gabashin Faransa ta yau, waɗanda suka baro ƙasarsu a zamanin Yaƙin Shekara Talatin suka zauna a garin Zutphen. Da mahukuntan Zutphen suka ba su aikin kariyon na hasumiyar Wijnhuis, Van Eyck ne aka ɗauko mai ba da shawara, wajen 1644 kuma aka sami kariyon na farko a duniya da aka daidaita muryarsa bisa ƙa'ida. Gobara ta cinye shi a 1920. Dabararsu a faɗe mai sauƙi ce. Sukan zuba ƙararrawar da ɗan kauri fiye da yadda ake bukata, su kifa ta baki sama a kan wani dandamali mai juyawa, mutane na juya ta, maƙerin na riƙe da kurfi yana ɗebe ƙarfe daga ciki, ɗan kaɗan a nan, ɗan kaɗan a can, yana tsayawa yana bugawa yana gwadawa da wasu sandunan ƙarfe da ya riga ya daidaita ya ajiye a matsayin ma'auni. Wahalar ita ce duk inda aka taɓa ba amo ɗaya ne yake motsawa ba, gyaran na uku yakan ja na biyu, gyaran na biyu yakan ja gunjin, abin da aka ɗebe kuma ba ya komawa. Wanda ya wuce wuri da kaurin farce, ya mai da ƙararrawar tanderu. Tsakanin Zutphen da Amsterdam 'yan'uwan nan sun zuba kariyon kimanin 50, da yawa daga ciki suna aiki har yau.

Na hasumiyar Dom ya zo a 1664, ƙararrawa 35. Van Eyck bai ji shi ba, ya mutu tun 1657, bayan ya yi shekara 32 yana kaɗa tsohuwar ƙararrawar da ya fi kowa sanin aibinta. Kuɗin aikin kuma bai samu ba sai da aka sayar da bakwai daga cikin ƙararrawar Van Wou, ƙananan, aka bar manya shida. Ni dai ina ganin ɓarna ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya, domin sun yanke wa kammalallen aiki reshe don su dasa wani, jerin da gwani ya auna ya zama giɓi. Kuma da alama jikokinsu ma haka suka gani, tun da a 1982, bayan shekara 318, sun sa maƙerar Eijsbouts da ke Asten ta zuba wasu bakwai aka mai da su gurbin.

Yanzu sai mu hau mu ga makaɗin a bakin aikinsa. Yana zaune ne a wani ɗan ɗaki can sama kusa da ƙararrawar, a gabansa sanduna ne na katako jere biyu, kowace ta kai kaurin ƙotar ƙaramar fartanya, a ƙarƙashin ƙafafunsa kuma wasu matakai. Ƙararrawar kariyon ba ta lilo, a ɗaure take. Daga kowace sanda waya ce ta tashi ta kama harshen ƙararrawa ɗaya, wanda aka tsayar dab da gefenta. Makaɗin yakan dunƙule hannu sako-sako ya doki sandar da gefen ƙaramin yatsa, shi ya sa wasunsu suke sa wa yatsan 'yar rigar fata, manyan ƙararrawa kuwa, masu nauyin harshe, da ƙafa ake taka su. Babu wutar lantarki a tsakani: in ya doka da ƙarfi ta yi ƙara, in ya lallaɓa ta yi raɗa, nan ne gwaninta take. Kafin ya fara sai ya bi wayoyin yana ɗaure wannan yana sassauta wancan, domin zafi yakan miƙar da su, sanyi ya tsuke su. Ba shi kuma da hanyar kashe amo in ya tashi, kowace ƙararrawa sai ta gama maganarta, don haka dole ya san abin da zai bari ya haɗu da abin da zai raba. Abin mamaki a sana'ar shi ne makaɗin ne ya fi kowa rashin jin daɗin kiɗan, domin kunnensa cike yake da ƙwaramniyar katako da waya, masu sauraronsa kuwa suna can ƙasa a kasuwa da bakin ruwa, ba ya ganin fuskarsu, mafi yawansu ba su san tasa ba.

A sauran sa'o'in da babu makaɗi, wata babbar gangar ƙarfe ce take aikin, wadda Jurriaan Sprakel, maƙerin agogo na Zutphen, ya ƙera a cikin shekarun 1660. Jikinta duk ramuka ne dubbai a jere, ana cusa ƙusoshi a waɗanda ake so. In agogo ya kai rubu'in sa'a sai ta juya, kowace ƙusa ta ɗaga wani maɗaukin da ke jan guduma a bayan ƙararrawa. Sauya waƙa kuwa sai an zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya an sake jera su da hannu.

Shekara goma kacal bayan an rataya kariyon, ran 1 ga Agusta 1674, wata guguwa mai tsanani ta faɗa wa birnin da maraice, ta rushe tsakiyar majami'ar, sashin da ya haɗa ta da hasumiyar, wanda dama an gina shi ba tare da cikakkun madogarai ba saboda kuɗi sun ƙare. Hasumiyar da Groote ya yi wa inkari ta tsaya da ƙararrawarta, wurin ibadar ne ya faɗi. Ba a sake gina shi ba, ɓaraguzan ma ba a kwashe su ba sai 1826, shi ya sa yau akwai fili tsakanin hasumiyar da abin da ya rage na majami'ar. Abin da guguwa ta raba da ƙarfi, doka ta zo ta tabbatar da shi: tsarin mulkin 1798 ya mai da hasumiyoyin majami'u da ƙararrawarsu mallakar hukumomin gari, don haka ta Utrecht yau ta birni ce, birni ne kuma yake biyan makaɗinta.

Sai mu koma ga maƙera, domin a nan akwai abin takaici. François ya mutu a 1667, Pieter a 1680, ba su kuwa bar wani littafi da ya bayyana yadda suke ɗebe ƙarfen ba. Almajiransu sun ci gaba da zubi, amma hannunsu bai kai ba, sannu a hankali ilmin ya dushe, har aka yi kusan shekara 200 ana zuba ƙararrawar da ba ta kama ƙafar tasu ba. Malamanmu sun tsananta a kan ɓoye ilmi, wannan kuma misali ne na abin da suke gudu. Ko da yake adalci ya sa a ce sirrin shi ne abincin mutanen nan, kuma wani sashinsa a kunne yake, alƙalami ba ya ɗaukarsa. Wanda ya sake tono shi wani limamin majami'a ne a Ingila, Arthur Simpson, da ya rubuta maƙaloli a 1895 da 1896 yana bayyana dalilin da ya sa ƙararrawar ƙasarsu take saɓa wa kunne, maƙerar Taylor ta garin Loughborough kuma ta mai da bayanin aiki.

Ƙararrawa da igwa 'yan gida ɗaya ne, tagulla ɗaya, tanderu ɗaya. François Hemony kansa shi ne mai zuba wa birnin Amsterdam duka biyun. Don haka kowane babban yaƙi yakan zama annoba ga hasumiyoyi. A 1942 da 1943 sojojin Jamus da suka mamaye Holan sun sauke dubban ƙararrawa, aka kai da yawa Hamburg aka narkar don makamai, sai waɗanda masana suka yi ta fafutuka aka sa musu alamar kayan tarihi, ta Van Wou da ta Hemony a Utrecht suna cikin waɗanda suka tsira. Amma ko a cikin wannan musiba an sami wani alheri, domin ƙararrawar da ba a kai ga narkarwa ba ta taru a ƙasa, inda hannu zai kai gare ta, wani masani mai suna Van Heuven ya auna muryoyinta da na'ura, ya fitar da sakamakon a Delft a 1949. Abin da makaho ya ji da kunne shekara 300 kafin nan sai ga shi a rubuce da lambobi, maƙeran Holan kuma suka ɗora a kai. A 1953 aka buɗe makarantar koyon kaɗa kariyon a Amersfoort, kusa da Utrecht, a 1972 kuma aka gyara na hasumiyar Dom aka ƙara shi ya kai ƙararrawa 50.

Yau ƙararrawar lilo 14 ce a hasumiyar, har da wata ɗaya da ba ta cikin jerin 13 ɗin nan, nauyinsu duka tan 32, kuma ba inji ne yake jan su ba. Wata ƙungiya ce ta 'yan sa-kai, ma'aikata da ɗalibai da 'yan fansho, suke hawa a ranakun ibada da bukukuwa su kama igiya, Salvator kuwa mutum ɗaya ba ya iya ta. An yi wa ginin babban gyara na shekaru, aka kammala a 2024. Kujerar Van Eyck kuma tun 2011 tana hannun Malgosia Fiebig, haifaffiyar Polan, mace ta farko da ta riƙe ta, wadda takan haɗa kiɗan mutanen da da waƙoƙin da samari suke ji a wayoyinsu; a 2018, da wani matashin makaɗi ɗan Suwidin mai suna Avicii ya mutu, ta kaɗa waƙoƙinsa daga hasumiyar, mutane suka ɗauka suka yaɗa a duniya. Akwai masu ganin wannan zubar da girman tagullar Hemony ne, amma tarihin sana'ar ba ya bayansu, domin Van Eyck kansa, ban da zaburar da ake rerawa a majami'a, waƙoƙin soyayya da na rawa da suka shigo daga Faransa da Ingila yake ɗauka ya sarrafa, irin waɗanda kuyangi suke yi a bakin rijiya.